Shawara ga masu zaman gidan haya kafin Kirsimeti

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan ga masu zama a gidan haya irin namu na Sabon Garin Kano, inda ɗakin nan Bahaushe, na gaba Ibo, can ƙurya Bayarabe, kuma famfo ɗaya ake bi layi.

Kwana biyu kafin 25 ga Disamba, ka samu maƙwabcinka ka ce masa, "Idan za a yanka kaji ko akuya, ina gida, a turo yaro ya kira ni." Wallahi da yawansu suna son kawo mana shinkafa da miya ranar, abin da ke hana su shi ne tsoron a mayar musu da kwano, ko a karɓa a zubar a bayan idonsu. Idan kai ka yi yankan, kowa zai ci hankalinsa kwance. Maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar Anambra, har wuƙa take wasa mini tun da asuba.

Da babbar sallah kuma, kada ka tura ɗanyen nama a baƙar leda. A soya, a zuba a kwano mai murfi, ka kai da ƙafarka, ka ɗan zauna ku gaisa.