Yadda za a kai iyali ganuwar Edinbura da fadar Holirud a yini guda

Duk magidancin da ya kai iyalinsa birnin Edinbura na ƙasar Sikotlan, ya dace ya fara da tsohuwar ganuwar da ke bisa dutse tun da hantsi, domin hanyar Royal Mile, wadda ta haɗa ta da fadar Holirud, masaukin Sarkin Birtaniya a Sikotlan, gangara ce daga can, kuma saukowa ya fi wa yara da tsofaffi sauƙi. A sayi tikiti ta intanet tun kafin ranar, musamman a watan Agusta, lokacin da garin ke cika maƙil da baƙi. A sa takalma marasa santsi, a riƙe rigar sanyi, saboda daɓen duwatsu ne kuma iskar wurin ba ta da wasa.

A cikin ganuwar a nuna wa yara kambin sarautar ƙasar da ƙatuwar igwa mai suna Mons Meg, sannan a jira ƙarfe 1:00 na rana, sa'ar da ake harba wata igwa daban kullum ban da Lahadi da ranar Kirsimeti da Juma'ar da ke gabanin Ista, al'adar da aka soma tun 1861. Ƙarar tana firgita jarirai, don haka mai goyo ta ja baya.

Ana iya yin sallar Azahar a babban masallacin birnin da ke Potterrow kafin a ƙarasa fada. A bincika tukuna ko tana buɗe, domin akan rufe ta idan Sarki ya sauka a cikinta. A can ne ɗakunan Mary, tsohuwar Sarauniyar Sikotlan, suke, inda aka kashe magatakardanta David Rizzio a 1566, sai dai matattakalar hawa wurin tana da ƙunci ƙwarai.