Yadda ake haɗa ƙaramin mutum-mutumi mai bin umarnin wayar hannu

Mutum-mutumi mai rimot abubuwa huɗu ne a jere: mai karɓar saƙo, ƙwaƙwalwa, mai raba wuta, da moto mai juya taya. Ka danna maɓalli a wayarka, harafi ɗaya ya tafi ta Bluetooth, ƙwaƙwalwa ta karanta shi, ta ce wa mai raba wuta wace taya za ta juya, kuma ta wane gefe. Yaron da ya riƙe wannan jeri zai iya gano matsala da kansa, don haka iyaye su fara zana masa shi a takarda kafin a taɓa ko wayar haɗi ɗaya.

Kayan da za a tanada: allon Arduino Uno (shi ne ƙwaƙwalwar), HC-05 mai karɓar Bluetooth, allon L298N (mai raba wuta), moto biyu masu ruwan ɗorawa da tayoyinsu, ƙaramar taya mai waiwaye ta gaba, batir mai caji samfurin 18650 guda biyu da gidansu, makunni, da siraran wayoyin haɗi. Jikinsa kuwa, falankin katako marar nauyi ya isa.

Kada a taɓa jona moto kai tsaye a jikin Arduino. Kowace ƙafarsa, wato ramin da ake soka waya mai lamba a gefe, wutar miliamfiya 20 aka so ta bayar, moto ɗaya kuwa yana jan ninkin haka sau da yawa, balle idan taya ta cije a jikin kujera. Arduino ƙonewa zai yi. Aikin L298N ke nan: yana ɗebo wuta daga batir, Arduino nuni kawai yake yi masa. Idan L298N ya juya hanyar da wuta ke bi cikin moto, taya ta koma baya. Babu sitiyari, in ana son kwana hagu, sai tayar hagu ta tsaya ta dama ta ci gaba.

Jar wayar batir ta bi ta makunni zuwa wurin da aka rubuta 12V a L298N, baƙar ta shiga wurin da aka rubuta GND. Daga 5V na L298N a kai wa Arduino wuta, sannan a haɗa GND ɗin duka biyun. Wannan baƙar waya ita aka fi mantawa, kuma in babu ita fitilar L298N za ta kama amma taya ko motsi. IN1 zuwa IN4 na L298N su tafi ƙafa 8 zuwa 11 na Arduino. TX na HC-05, mai aika saƙo, ya shiga ƙafa 2, ƙafa 3 ta tafi RX ɗinsa, mai karɓar saƙo, ta cikin resisto (ɗan abin rage wuta) 1k, da wani 2k daga RX zuwa GND, domin RX bolt 3.3 yake ɗauka. A bar ƙafa 0 da 1. Da su kwamfuta ke loda umarni, in an cike su lodin ba zai shiga ba.

Umarnin da za a loda wa Arduino gajere ne: F gaba, B baya, L hagu, R dama, S tsaya, a gudun aika saƙo na 9600. Lambar haɗa HC-05 da waya yawanci 1234 ce. Da Android yake aiki, iPhone ba ta karɓarsa, kuma zangonsa kusan mita 10 ne.

Yawancin ciwon kan daga wuta yake. Ƙaramin batirin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9 ba ya iya ciyar da moto: da an danna gaba wuta ta faɗi, Arduino ya sake tashi, Bluetooth ya yanke. Batir 18650 biyu a jere suna ba da bolt 7.4, L298N ya cinye kusan 2, saura ya yi wa moto daidai. Sai dai kada ƙarfe ya haɗa bakunansu biyu, kuma caji aikin babba ne, ba na yaro ba.

Gwajin farko a ɗora shi kan kofi, tayoyi na lilo. In an danna F wata taya ta yi baya, a musanya wayoyin motonta biyu. In a ƙasa yana karkata, motocin ne ba su zo daidai ba. A zare 'yar hular da ke kan ENA ko ENB na L298N ta gefen da ya fi sauri, a haɗa wurin da ƙafa 5 ko 6 ta Arduino, a rage lambar gudun moton a cikin umarnin daga 255 kaɗan-kaɗan har ya miƙe.