Yadda ake tayar da tsohon amalanke da kuɗi kaɗan

Amalanken shanu da ya daɗe a yashe bayan gida, katako ya ruɓe, tayoyi sun sace, ba lallai ne ya mutu ba. Sau da yawa ƙarfen ƙasa yana nan daram, shi ne kuwa mai tsadar. A yi gyaran da rani, kafin a fara kai taki gona, lokacin masu walda ba su cika da aiki ba.

Da farko a ɓamɓare katakon duka, a ɗora amalanken kan kututture ko bulo. Kada kowa ya shiga ƙarƙashinsa yana kan jak kaɗai. A kankare tsatsa da buroshin ƙarfe, sannan a bi ƙarfen da guduma ana ƙwanƙwasawa. Inda ya amsa garau, lafiya lau. Inda ya lotsa ko ya zubo ɓarɓashi, a yi alama da alli, mai walda ya yanke wurin ya sa sabon guntu. Wasu masu walda sun fi son su ɗora faci a kan ruɓaɓɓen ƙarfe don ya fi sauri. Kada a yarda, ba ya kai kaka.

Sai aksul, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin biyu, wanda nan ne ya kamata kuɗin su tafi. A kama taya da hannu biyu, sama da ƙasa, a girgiza. In ta yi lako-lako, ko aka juya ta aka ji gurnani, boris ya ci. A kwance, a wanke shi da kananzir, a duba shi a rana. In ƙwayoyin sun yi tabo ko sun canza launi saboda zafi, a canza. Akwai lamba a jikin kowane boris, amma ya fi kyau a tafi kasuwa da tsohon a hannu, domin yawancin amalanke da aksul ɗin tsohuwar mota aka ƙera su, mai shi ma bai san wace mota ba ce. A Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ana samun na hannu mai kyau. A cusa giris cikin boris ɗin da yatsa har ya ɓullo ta ɗaya gefen. Notin da ke riƙe taya a bakin aksul kuwa a ɗaure shi sai taya ta fara nauyi, sannan a sassauta kaɗan, a zura fin ɗin da ke hana shi kwancewa a lanƙwasa. Ɗaurin da ya wuce kima shi ke ƙona sabon boris.

Kafin mai walda ya kashe injinsa, a ɗauko igiya. A auna daga bakin sandar ja zuwa kowane ƙarshen aksul. In tsawon bai zo ɗaya ba, amalanke zai riƙa tafiya a karkace, yana cin taya, yana wahalar da shanu. A ƙara ƙarfe inda sandar ta haɗu da jiki, nan ne ke yawan tsagewa.

A shafa jan fentin hana tsatsa, shafi biyu. Katako a nemi busasshe, a shafe shi da baƙin mai saboda gara, a kama shi da bol da noti maimakon ƙusa, tare da barin ɗan tsakani don ruwa ya zube. Tsofaffin allunan da ba su ruɓe ba su koma gefe.

Taya ta hannu ta wadatar, muddin gefenta bai tsattsage ba kuma biyun girmansu ɗaya. A manna jan abu mai ƙyalli a baya saboda motocin dare.

A gwada da buhu uku ko huɗu tukuna, a jera su bisa aksul, nauyin ya ɗan rinjaya gaba don kada karkiya ta ɗaga ta shaƙe shanun. Bayan ɗan zagaye a taɓa cibiyar taya. In ta yi zafin da hannu ba zai jure ba, a koma kan notin.