Yadda za ku karanta saƙon ƙarshen shekara na hukumar makarantu a Amurka ku ci moriyarsa

Salamu alaikum iyaye 'yan uwa, musamman waɗanda ba su daɗe da sa yara makarantar gwamnati a Amurka ba. Daga an wuce bikin Tanksgibin, wato Alhamis ta huɗu a Nuwamba, har zuwa ranar da za a rufe makaranta a tafi hutun hunturu gab da Kirsimeti, za ku ga imel na ta shigowa daga hukumar makarantun gundumarku, hoton shugaban hukuma a sama da gaisuwar biki, sai yara suna waƙa a kan dandamali, sai 'yan ƙwallo sun ciyo kofi, sai wance ta zama gwarzuwar malamai ta bana, sai an tara rigunan sanyi kaza an raba. Yawancinmu kallo ɗaya muke masa mu wuce tunda ba sunan ɗanmu a ciki kuma ga aiki na jira. Don Allah ku daina wucewa, abubuwan da suka shafi cikin yaranku da karatunsu da kuɗinku suna cikin saƙon nan, sai dai ba a sama ake sa su ba.

Da farko ku gane waye ya turo. Makarantar ɗanku daban, hukumar gunduma daban, ita ce uwa mai riƙe da duk makarantun yankin tun daga na ƙanana har sakandare, kuma irinta sun kai wajen 13,000 a faɗin ƙasar, kowacce da kalandarta da dokokinta. Shi ya sa abin da 'yar uwarki ta gaya miki a waya daga wata jiha ba lallai ya yi aiki a wajenki ba, kai ko garin da ke maƙwabtaka da ku ma zai iya bambanta. A yawancin wurare mutanen gari ne ke zaɓen 'yan majalisar hukumar, su kuma su ɗauki shugaba, kuɗin kuma mafi yawansa daga jiha ne da harajin gidaje, na gwamnatin tarayya bai fi wajen kashi ɗaya cikin goma ba. Ko haya kake yi harajin nan yana cikin kuɗin hayarka, to kaga kana da bakin magana.

Toh idan kun buɗe saƙon, ku gangara can ƙasa ku fara daga nan ku hauro. In Turancin ya yi nauyi ku duba akwai maɓallin fassara a yawancin manhajojin da suke amfani da su irin su ParentSquare da ClassDojo, ko ku kwafa ku zuba a Google Translate, akwai Hausa a ciki tun 2013, ba ta fita tsaf amma za ku gane inda aka dosa. In magana ce mai nauyi kuwa ku kira ofis ku ce kuna son tafinta, kyauta ne, kuma kar ku yarda a ce ɗanku ɗan shekara goma shi zai fassara muku maganar da ta shafe shi.

Abu na farko da za ku nema ranaku ne, ranar rufewa da ranar dawowa. Ku rubuta a takarda ku manna a jikin firiji. Nan nake so in ɗan tsaya domin nan ne muka fi yin asara. Disamba lokacin tafiya gida ne, ga bukukuwa, ga tikiti da tsada, mutum ya ce tunda na kashe kuɗin nan bari mu ƙara sati biyu ko uku, yara ai za su kamo. Su a wajensu lissafin ba haka yake ba. Yawancin jihohi kwanakin karatu wajen 180 ne a shekara, yaron da ya rasa kashi goma cikin ɗari, wato kwana 18, ya shiga jerin masu yawan fashi ko da uzuri ko babu, kuma akwai gundumomin da in yaro ya jera kwana goma bai zo ba sai su cire sunansa daga rajista, ka dawo ka tarar sai ka sake cike fom daga farko, in makarantar da ake shiga da gasa ce ko da ƙuri'a ma gurbin nasa zai iya tafiya. Saboda haka kafin ku yanki tikiti ku rubuta wa shugaban makaranta imel ku tambayi dokarsu a kan tafiya, a rubuce, kar a baki. 'Yan sakandare kuma ku duba ko jarrabawar ƙarshen zango kafin hutu take ko bayan hutu, wasu gundumomin a Janairu suke yi, yaro ya sauka daga jirgi ya faɗa ɗakin jarrabawa ba shiri.

Kusa da ranakun za ku ga bayanin ranar dusar ƙanƙara in a jiha mai sanyi kuke, yadda za a sanar in an rufe ko an jinkirta buɗewa da awa biyu. Da asuba suke turo tes ko kira, in kun canza lamba baku sabunta a shafin iyaye ba yaro zai je ya tsaya jiran bas a cikin sanyi a banza. Minti biyar ne gyaran.

Sai maganar abinci da taimako, wadda kunya ke hana mutane da yawa karantawa. Yaron da ke cin karin kumallo da na rana a makaranta, sati biyu na hutu cefane ne ya ƙaru a gida, su ma sun san haka shi ya sa a saƙon Disamba suke jero wuraren da ake raba kayan abinci da rigunan sanyi da takalma. Tsarin ciyar da ɗalibai doka ce tun 1946, gidan da kuɗin shigarsa bai wuce kashi 130 cikin ɗari na ma'aunin talauci ba yaransa kyauta suke ci, zuwa kashi 185 kuma da ragi, abincin rana bai wuce senti 40 ba. Abin da mutane ba su sani ba shi ne fom ɗin nan ba sai farkon shekara ake cikewa ba, in aiki ya tsaya ko an rage maka awanni a Disamba ranar nan za ka iya cikewa. Jihohi irin su Kalifoniya da Minesota da birnin Niyok kowa kyauta yake ci, amma ko a can in an turo fom ɗin kuɗin shiga ku cike, domin da shi ake samun ragin kuɗin jarrabawa da na neman jami'a, da shi kuma makarantar ke samun ƙarin kuɗi daga tarayya. In ba ku ga komai a saƙon ba ku kira 211, layin da ke haɗa mutane da wuraren taimako, ku faɗi lambar unguwarku, wato ZIP code.

Akwai kuma wata doka ta 1987 mai suna McKinney-Vento da nake so kowa ya riƙe sunanta. In haya ta gagara kuka koma kuna raɓe a gidan ɗan uwa ko otal, yaranku suna da haƙƙin ci gaba da zuwa tsohuwar makarantarsu a kuma taimaka da abin hawa, kowace gunduma tana da jami'i na musamman a kan wannan, sau da yawa sunansa da lambarsa suna can ƙasan saƙon da ƙananan haruffa. Zancen takardun zama kuwa, tun 1982 kotun ƙoli ta yanke cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda su.

Yanzu sai ku hauro wajen nasarorin. Ni ina jin daɗin karanta su wallahi, yaran mutane ne sun yi ƙoƙari kuma malamai sun sha wahala a kansu. Amma ku karanta da tambaya ɗaya a zuciya, ta wace ƙofa yaran nan suka shiga, kuma ƙofar a buɗe take ga nawa? In kun ga an ce ɗalibai kaza sun kai matakin kusa da ƙarshe a gasar National Merit ta neman tallafin karatun jami'a, ku sani wajen 16,000 ne ake zaɓa a duk ƙasar, kuma daga jarrabawar PSAT da ake yi a Oktoba a aji goma sha ɗaya ake ɗebo su, to in ɗanku yana aji tara ko goma yanzu ne lokacin sani. In an yi alfahari da waɗanda suka ci jarrabawar AP, darussa ne masu nauyin jami'a da ake yi a sakandare, a rubuta jarrabawa a Mayu, maki daga 1 zuwa 5, jami'o'i da yawa suna karɓar 3 zuwa sama su yafe wa yaro kwas, kuɗi ne kenan ya rage a aljihunka. Zaɓen darussan baɗi kuwa yawanci daga Janairu zuwa Maris ake yi, in kun yi shiru za a iya sa yaro a aji mai sauƙi don kawai ya zo da lafazin wata ƙasa. Ku rubuta wa mai ba ɗalibai shawara ku ce me ake buƙata ɗana ya shiga wannan ajin, shikenan, layi biyu.

Wata nasara da ake yawan sawa kuma ta dace da yaranmu sosai ita ce hatimin iya harshe biyu da ake bugawa a takardar gama sakandare. A Kalifoniya aka fara a 2012, yanzu ya bazu duk jihohi. Za ku ga ana jero Sifaniyanci da Faransanci da Sinanci, to yaron da ke jin Hausa ko Larabci ko Faransancin da ya zo da shi daga Nijar fa? Ku tambaya, wasu jihohin suna da hanyar tantance harsunan da ba a koyarwa a aji. Wannan kaɗai ya isa dalilin da za ku dage da yi wa yara Hausa a gida kuna sa su suna rubutawa.

Alƙaluma kuma ku bi su a hankali. In an ce kashi 92 sun gama sakandare, madalla, na ƙasa baki ɗaya wajen 87 ne, amma jimilla tana ɓoye abubuwa. Dokar ilimi ta 2015 ta wajabta wa kowace jiha ta fitar da sakamakon kowace gunduma da kowace makaranta a rarrabe, na masu koyon Turanci daban, na 'ya'yan marasa ƙarfi daban, na baƙaƙe daban, na masu buƙata ta musamman daban, kuma yana nan a shafin ma'aikatar ilimi ta jiharku kowa zai iya gani. Ku nemi layin da ɗanku ya faɗa. In jimilla ta yi sama amma masu koyon Turanci suna can ƙasa, ba zagi za ku je yi ba, tambaya ce za ku kai, me ake yi musu bana da ba a yi bara ba.

Idan kuma sunan ɗanku ko hotonsa ne ya fito, Allah ya sanya albarka, ku ajiye saƙon a fayil domin zai yi amfani ranar neman jami'a da tallafi. Wanda ba ya son a riƙa sa hoton 'yarsa a Facebook ɗin hukuma shi ma yana da hanya, dokar FERPA ta 1974 ta ba makaranta damar buga suna da hoto da lambar yabo sai in iyaye sun ce a'a a rubuce. Ku dai karanta fom ɗin da kyau kafin sa hannu, a wasu wuraren in kun hana gaba ɗaya har littafin hotunan shekara da jerin masu hazaƙa ba za a sa yaron ba, sai ya zo yana kuka abokansa duk suna ciki. Wasu fom ɗin suna bari a zaɓa ɗaya-ɗaya.

Bikin waƙoƙin hunturu ma yana ɗaga wa wasu iyaye hankali. Makarantar gwamnati ba ta da izinin koyar da ibada, amma za a iya rera waƙa mai asali da addini a matsayin darasin kiɗa. In ranku bai kwanta ba ku nemi jerin waƙoƙin tun da wuri ku yi wa malamar magana cikin mutunci, yawanci ba sa musu, su ba yaro wani aikin. Kar a bari sai daren biki yaro ya gama haddacewa sannan a ce ba za shi ba, abin yana yi musu ciwo.

Masu yara a aji goma sha biyu hutun nan ba na barci ba ne. Jami'o'i da yawa suna rufe karɓar takardu daga 1 zuwa 15 ga Janairu, ofisoshin makaranta kuma a rufe suke lokacin hutu, saboda haka takardar sakamako da wasiƙun shaida na malamai a nema kafin a tashi. Fom ɗin FAFSA na tallafin karatu shi ma a cike da wuri, wasu kuɗaɗen wanda ya riga shi ke samu, kuma sai da bayanan harajin iyaye, to Alhaji a zauna da yaro a gaban kwamfuta a gama.

Na ƙarshe ku duba ko an ambaci daftarin kalandar baɗi ko ranar zaman majalisar hukuma na Janairu. A irin wannan lokacin gundumomi da yawa suke tsara ranakun hutu na shekara mai zuwa, zaman kuma a buɗe yake ga kowa, ana ba mutum minti biyu ko uku ya yi magana in ya rubuta sunansa kafin a fara. Birnin Niyok ya sa ƙaramar Sallah da babba a kalandar hutu a 2015 bayan iyaye da ƙungiyoyi sun yi shekaru suna nema, wasu gundumomi ma sun bi. In kuna son haka a taku, ku haɗu ku biyar ko goma, ku samo adadin yaran da ba sa zuwa ranar Sallah, ku rubuta abin da za ku faɗa a takarda kar minti ukun ya ƙare a gaisuwa, mutum ɗaya ya yi magana sauran su miƙe tsaye a bayansa, sannan ku miƙa wa sakataren majalisa kwafi a sa a rikodin zaman.