Yadda Za Ka Rage Ƙyamar Ganin Kan Dabba, Ƙafa ko Kifi Sukutum a Faranti

Mutum zai iya cin nama shekara da shekaru lafiya ƙalau, amma ranar da aka ajiye masa kifi da kansa da idonsa, ko ya hangi kan dabba a teburin mahauci, sai zuciyarsa ta tashi. Yankakken nama ba ya tuna wa mutum dabbar. Ido da haƙori da farce kuwa suna tunawa. Binciken masana halayyar ɗan Adam Jonas Kunst da Sigrid Hohle na 2016 ya nuna cewa gasasshiyar dabba da aka bar mata kai ta fi jawo tausayi da ƙyama, kuma mutane sun fi son cin wadda aka cire wa kan.

Da farko ka gano ainihin abin da ke tayar maka da zuciya. Wani ido ne, wani ƙarni, wani santsin fata a hannu. Kowanne da maganinsa.

Sannan ka bambance ƙyama da jiri. Idan ganin jini yana sa ka gumi mai sanyi, idonka ya yi duhu, to hawan jininka ne ke sauka, kuma za ka iya suma. Nan dogon numfashi kaɗai ba zai wadatar ba. Ka zauna, ka ɗaure tsokar hannuwa da cinyoyi da ciki na daƙiƙa 10 zuwa 15 har ka ji ɗumi a fuska, ka saki na daƙiƙa 20 zuwa 30, ka maimaita sau 5. Kada ka riƙe wuƙa kana cikin wannan hali.

Sabo shi ne babban magani, amma a hankali. Ka fara da hoton dafaffen abin, sai hoton ɗanye, sai bidiyo, sai ka tsaya kamar mita 2 daga gare shi. Bayan nan taɓawa da safar hannu, yankawa ita ce ta ƙarshe. A kowane mataki ka ba ƙyamar maki daga 0 zuwa 10, ka daure har ta ragu zuwa kusan rabi kafin ka tashi. Inda aka fi kuskure shi ne gudu daidai lokacin da abin ya kai ƙololuwa: sauƙin da za ka ji nan take shi zai koya wa jikinka cewa gudun ne ya cece ka, gobe kuma abin ya ƙaru. Ƙyama ta fi tsoro jinkirin gushewa, don haka wanda ya yi kwana biyu ya ce babu canji ya yi gaggawa.

A kicin, ka yi aikin da nama mai sanyi, wanda ya fito daga firiji ƙasa da digiri 5 na Salshiyos. Ya fi tauri, kuma warinsa bai kai na mai ɗumi ba. Ka rufe kan kifin da tsumma mai tsabta, ka yanka a bayan kan da wuƙa mai kaifi. Dakusasshiya tana ja tana yagawa, wannan kuwa shi ne abin da ba ka son gani. Ƙafar kaza a gaɓa ake rabata, ba a tsakiyar ƙashi ba. Abin da ka cire ka ƙulle a leda nan take. Ruwan lemun tsami yana kashe ƙarnin kifi a hannu da katako. Amma kada ƙyama ta sa ka wanke ɗanyar kaza a ƙarƙashin famfo, domin ruwan da ke fallatsa yana watsa ƙwayoyin cuta. Wuta ce ke kashe su: cikin kaza ya kai digiri 74, kifi 63.

A gidan abinci ka faɗa tun wajen yin oda a cire kai da ƙaya. Idan an riga an kawo, ka juya farantin kan ya kalli waje, ka fara ci daga tsakiya. A gidan mutane, "na gode, tsoka ta ishe ni" ta wadatar, ba sai ka yamutsa fuska a kan abincin wani ba.

Idan abin ya kai ka fara ramewa, ko kana ƙaurace wa cin abinci da jama'a, ka ga likitan halayyar ɗan Adam. Kafin nan, ƙwai, wake da madara za su rufe maka gibin furotin.