Kafin a sa wa jaririnki robar ciyarwa ta ciki

'Yar'uwa, idan likitoci sun ce za a yi wa jaririnki tiyata a sa masa roba ta ciki, na san abin da ke ranki, domin 'yata ta bi ta wannan hanyar. Da ciwon zuciya aka haife ta. Tana kama nono sai haki da gumi, ta gaji tun ba ta ƙoshi ba, nauyinta ya tsaya cak. Robar hanci muka fara amfani da ita, amma kullum cikin fizge ta take, fatar kumatunta duk ta saɓule saboda filasta. Aikin da za a yi wa jaririnki, wanda ake kira gasturostomi, ƙaramar kafa ce ake hudawa daga fatar ciki zuwa tumbi, madara ta wuce kai tsaye. Ba sabon abu ba ne: tun 1980 wasu likitoci biyu a Amurka, Gauderer da Ponsky, suka bayyana hanyar sa robar da na'urar leƙa ciki ba tare da babban yanka ba, kuma saboda yara suka ƙirƙiro ta.

Ki fara da takarda da biro, ki zauna da likitan tiyata. Wace irin roba za a sa, doguwa ko gajerar nan mai kama da maɓalli? Balan-balan mai ruwa ne ke riƙe ta daga ciki ko wani abu daban? Mene ne girmanta? Ki rubuta lambar ki adana, ranar sauya robar za a tambaye ki. Idan jaririn mai yawan tumbuɗi ne, ko yana ƙwarewa madara na shiga huhunsa, ki tambaya ko za a haɗa da aikin tsuke bakin tumbi. Likitan maganin barci kuwa ki lissafa masa duk maganin da yaron ke sha, musamman na zuciya, na farfaɗiya da na tsinka jini, ya faɗa miki wanda za a ba shi da safen ranar da wanda za a dakatar. Mura, tari ko zazzaɓi kafin ranar aiki, kada ki ɓoye don tsoron a ɗage. Ɗagewar ta fi.

Sai maganar hana shi ci. A ƙa'idar da aka fi bi, ana tsayar da madarar gwangwani awa 6 kafin aiki, nonon uwa awa 4, ruwa zalla awa 2, amma lokacin da asibitinku ya ba ki shi za ki bi. Zai yi kuka, zuciyarki za ta karye, duk da haka ko ɗigo kada ki ba shi, don abin da ke tumbi yana iya dawowa ya faɗa huhu yana cikin barci. Ke kuma ki ci gaba da tatsar nono a lokutan da ya saba sha, kada ruwan ya janye.

A ganina babban shiri shi ne na hannunki. Kallon nas tana yi ba koyo ba ne. Kafin a sallame ku, ki tsaya kai da fata sai kin yi komai da kanki a gabanta: jona robar, zuba madara da sirinji a hankali, ɗauraye cikin robar da ruwa kafin ciyarwa da bayanta da kuma bayan kowane magani, fitar da iskar ciki, goge gefen kafar da busar da ita. Ki riƙa ɗaga kansa yayin ciyarwa, ki bar shi haka kamar rabin awa bayan an gama. Mahaifinsa ma ya koya, ko wani babba a gidan, domin wata rana ke ce za ki kwanta rashin lafiya. Ki tanadi riguna masu maɓalli a ƙasa, su rufe robar daga 'yan yatsunsa.

Kafar tana ɗaukar makonni, sau da yawa 6 zuwa 8, kafin ta yi ƙwari. Idan robar ta fita a cikin wannan lokaci kada ki mayar da kanki. Ki rufe wurin da bandeji mai tsabta ki nufi asibiti nan take, dare ne ko rana, saboda kafar kan fara rufewa cikin 'yan awoyi. Haka nan idan ciki ya kumbura ya yi tauri, ko amai kore, ko zazzaɓi, ko mugunya da jini, ko ya riƙa ƙwalla ƙara da zarar madara ta shiga. Jan nama mai laushi da kan tsiro a gefen kafar kuwa abu ne da aka saba gani, akwai maganinsa, ki dai nuna wa likita.

Kada ki manta da bakinsa. Jaririn da ya daɗe ba ya ci ta baki yakan zo ya ƙi duk abin da ya taɓa leɓensa. Ki rungume shi lokacin ciyarwa, ki ba shi abin tsotso yayin da madara ke sauka, ya haɗa tsotso da ƙoshi. Ki tambayi likita ko an yarda ya ɗanɗana nono ta baki, da yawan da ba zai cutar da shi ba, ki kuma sake tambaya a kowace ganawa, don amsar tana sauyawa yayin da yake ƙara ƙarfi.