Kurakuran da aka fi yi da tankin ajiye zafi na ruwan gida, da yadda ake gyara su

Ruwan da ke cikin tankin ajiye zafi ba shi ne ke fitowa a famfon wanka ba. Zama yake yi a ciki shekara da shekaru, aikinsa kawai riƙe zafin da boila (na'urar dumama ruwa) ko hitar lantarki ko murhun itace ko hasken rana suka ba shi. Ruwan wanka kuwa da sanyinsa yake shigowa, ya ratsa murɗaɗɗen bututun da ke nutse a tankin, ko kuma farantan musayar zafi da ke gefensa, ya kwashi zafi a kan hanya ya wuce. Yawancin kurakuran da ake yi daga mantawa da wannan suke tasowa.

Wanda ya fi yawa shi ne rage zafin tankin don a rage kuɗin wuta ko gas. Tankin ruwan zafi na yau da kullum digiri 60 ya ishe shi, amma wannan sai ya kai wajen digiri 70 zuwa 80, domin dole ruwan da ke ba da zafi ya ɗara wanda ke karɓa sosai. Idan ka saukar da shi zuwa 60, za ka samu ruwa mai zafi na ɗan lokaci, kafin ka gama wanka ya koma ɗumi-ɗumi. Mayar da na'urar daidaita zafin inda kamfanin da ya ƙera tankin ya ce. Ka kuma ba shi lokaci: lita 200 daga digiri 15 zuwa 75 na cin kusan yunit 14 na wuta, wato hita mai kilowat 3 sai ta yi sama da awa huɗu da rabi tana aiki. Wanda ya kunna ta minti talatin kafin wanka kada ya ga laifin tanki.

Sai kuma saurin yanke hukunci cewa hita ko boila ta mutu da zarar ruwa ya zo da sanyi. Kafin a sayi komai, duba ma'aunin zafin tankin. In tankin da kansa ya huce, to matsalar tana wajen abin da ke dumama shi, kuma sau da yawa maɓallin kariyar hita ne ya faɗi saboda zafi ya wuce kima. A kashe wuta daga tushe kafin a buɗe murfin a danna shi, kuma in ya sake faɗuwa a canja na'urar daidaita zafin, kada a yi ta dannawa.

In kuwa tankin na da zafi amma famfo na kawo sanyi, abu uku ake zargi. Buɗe famfon zafi ka saurara: a tankin da ke da farantai akwai ƙaramin injin tura ruwa da ya kamata ya tashi nan take. Bai tashi ba, ko dai makunnin da ke jin motsin ruwa ya maƙale, ko injin ne ya cije. Ya tashi, sai ka taɓa bututun da ke fita daga farantan a hankali, sannan ka taɓa wanda ke bayan bawul ɗin gauraya zafi da sanyi. Na farko da zafi, na biyu ɗumi-ɗumi, to bawul ɗin ne ya lalace ko ya toshe. Wasu kan cire shi gaba ɗaya su haɗa bututun kai tsaye. Wannan ganganci ne, domin shi ke sauke ruwan zuwa wajen digiri 50 ko 55, kuma ruwa mai digiri 70 na sale fata cikin daƙiƙa guda, balle ta yaro ko tsoho. Canja shi ake yi.

Idan duka biyun lafiya lau suke, saura farin ɓawon da ruwa mai yawan ma'adinai ke bari a cikin bututu. Alamarsa ba ta ɓuya: ƙarfin ruwan zafi na raguwa wata bayan wata, alhali na sanyi na nan yadda yake. Inda ma'adinan ruwan suka haura miligiram 200 a lita, a sa na'urar rage ɓawo a bututun shigowa tun farko. Farantan da suka riga suka toshe ana wanke su da sinadarin narkar da ɓawo, ko a sauya su.

Wani lokacin ma babu abin da ya lalace, famfon ne aka ware har ƙarshe. Ruwan da ya wuce da gudu ba ya samun damar ɗaukar zafi. Rage shi kaɗan, in zafi ya dawo ka san inda matsalar take.

Maganin hana tsatsa shi ne abin da aka fi sakaci da shi, kuma shi ya fi jawo asara. Kowace boila akan zuba mata kwalba guda, sai mai aiki ya zuba kwalba gudan nan a tsarin da ke da tankin lita 250 ya tafi. Bai isa ba. Yawancin magungunan nan lita 1 ce ga kowace lita 100 ta ruwa, don haka a haɗa ruwan tankin da na bututu da na na'urorin dumama ɗakuna, sannan a auna bisa abin da aka rubuta a jikin kwalbar. Duk lokacin da aka zubar da ruwan don gyara, maganin ya bi shi, sai an sake zubawa. A tsiyayi kofi guda sau ɗaya a shekara a duba. Ruwa baƙi ƙirin na nufin ƙarfe na cinyewa, kuma wannan laka ce ke kashe injin tura ruwa. A wanke tsarin, a sa matata mai maganaɗisu.

Ƙaramin tankin da ke saman babban, wanda ke ƙara masa ruwa, shi ma a riƙa leƙa shi. Wasu irin da hannu ake cika su, kuma in ruwan ya ja baya iska ta shiga, sai ka ji injin na ƙugi, zafi kuma ba ya zagayawa. A cika shi zuwa alamarsa lokacin da tankin yake da sanyi, kada a kai baki, domin ruwa na ƙara yawa idan ya yi zafi. In bututun ambaliya na ɗiga, kada a toshe shi. Rufe ruwan da ke shiga ƙaramin tankin, ka ɗebe kaɗan, ka sa alama ka jira. Bai ƙaru ba, bawul mai ƙwallo da ke tsayar da ruwa in ƙaramin tankin ya cika ne ke yoyo, gyaransa ba wuya. Ya ci gaba da hawa, to murɗaɗɗen bututun ko farantan sun huje, ruwan famfo na kutsawa cikin tankin, kuma wannan aikin ƙwararren mai gyaran famfo ne.

Bututun numfashin da ya tashi daga saman tankin kuwa, ba a sa masa bawul, ba a lanƙwasa shi ƙasa kafin ya kai saman ƙaramin tankin, ba a toshe shi ko da na kwana ɗaya ne. Musamman inda murhun itace ke dumama tankin, tunda wutar itace ba ta da maɓallin kashewa, in ruwan ya tafasa ta nan kaɗai tururi zai fita.